Yadda Ake Haɗa Kan Ƙungiyoyin Gari da Asibitin Mazaɓa Don Kulawar Lafiya Ta Kai Ga Na Nesa

Wata ranar awo a asibitin mazaɓarmu na zauna kusa da malamar da ke rubuta sunaye, ina jiran ta gama mu yi maganar rufin ɗakin haihuwa da ke yoyo. Benci ya cika, wasu matan ma a kan tabarma suke. Duk wanda ya leƙo zai ce alhamdu lillahi, kai ya waye. Da ta gama sai na roƙe ta ta bar ni in duba layin da ake rubuta unguwar kowace mace. Na bi shafi huɗu da yatsa. Sunayen unguwanni uku ne ke ta maimaituwa, dukansu a bakin titi. Daga ƙauyukan hayin rafi, da rugagen Fulani, da bukkokin da 'yan gudun hijira suka kafa bayan makarantar firamare, ko mace ɗaya ban gani ba. Su ma kuwa suna ɗaukar ciki, suna haihuwa, wasu suna rasuwa a wajen haihuwar.

Tun daga ranar na daina auna aikin asibiti da cikar benci. Mutane iri uku ne ke aiki a kan lafiyar mazaɓa ɗaya: ma'aikatan asibiti masu duba wanda ya zo, jami'an sashen lafiya na ƙaramar hukuma masu rigakafi da bin diddigin annoba da duba-gari, sai ƙungiyoyin gari da suka san kowane gida da abin da ke cikinsa. Kowanne yana ƙoƙarinsa, amma da wuya ka gan su a tabarma ɗaya. Ga yadda ake zaunar da su, da yadda ake sa zaman ya amfani wanda ya fi kowa nisa.

Mataki na farko: ku nemi kujerar da aka riga aka tanadar muku

Kada ku yi gaggawar kafa sabuwar ƙungiya da sabon hatimi. A tsarin kiwon lafiya matakin farko na Najeriya, kowace mazaɓa tana da kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda ma'aikata ke kira WDC. Tushen wannan tunani tsoho ne: taron Alma-Ata na 1978 ya ce jama'a su shiga cikin tsara lafiyarsu, shirin Bamako na 1987 ya ƙara da cewa su sa ido a kan kuɗin magani, kuma Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya dage a kan hakan lokacin da yake ministan lafiya. A Nijar ma akwai kwamitin da ke kula da tafiyar da asibitocin ƙauye, wanda ake kira COGES.

Ku je wurin shugaban asibiti, wanda muka fi sani da inchaji, ku tambaye shi abu uku. Su wane ne a kwamitin? Yaushe suka yi zaman ƙarshe? Asibitin nan yana cikin waɗanda ke karɓar kuɗin asusun BHCPF? Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ce ta kafa wannan asusu, ta ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Wani kaso yana shiga asusun bankin asibitin mazaɓa kai tsaye don magani da gyare-gyare da fita aiki ƙauyuka, wani kaso kuma yana biya wa marasa ƙarfi inshorar lafiya. Inda tsarin ke tafiya daidai, shugaban kwamitin mazaɓa yana cikin masu sa hannu kafin a cire kuɗi. Mutane da yawa ba su san suna da wannan haƙƙi ba.

In kun tarar kwamitin sunaye ne kawai a takarda, ku farfaɗo da shi. In kun tarar duk maza ne 'yan cikin gari, ku nemi a faɗaɗa shi.

Mataki na biyu: ku ƙirga waɗanda ba sa zuwa

Nan ne ginshiƙin aikin, don haka ku ba shi lokaci.

Ku sami fili a inuwa, ku kira mutanen da ƙafarsu ta san mazaɓar: mai unguwa, ungozoma, wanzami, ɗan acaɓa, mai tallan magani a kasuwar ƙauye, ardo ko wakilinsa, da matan da ke bi gida-gida lokacin rigakafi. A zana taswira a ƙasa da tsinke. A zuba toka a matsayin titi, a sa dutse a inda asibiti yake, a sa ƙwallon mangwaro ko marfin kwalba a kan kowane ƙauye da ruga da unguwa. Ku bar su su yi gardama, domin a cikin gardamar gaskiya ke fitowa. Ranar da muka yi namu, wani ɗan acaɓa ya tsuguna ya ɗora tsakuwa a wani gefe da kowa ya bari fayau, ya ce akwai gidaje wajen goma sha biyu a can, masu yin gawayi ne, shekara biyu ke nan da zamansu. Mai unguwa bai san da su ba, asibiti bai san da su ba, babu wani yaro a cikinsu da aka taɓa ɗiga wa komai a baki.

A gefen kowane wuri a rubuta abu huɗu: tafiyar minti nawa ce a ƙafa zuwa asibiti, nawa ne kuɗin babur zuwa da dawowa, ko hanya tana yankewa da damina, da kuma wane ne mutanen wurin ke jin maganarsa. Ku auna da tafiyar mace mai ciki wata takwas, ko uwa mai goyo tana jan wani da hannu. Kilomita ba ta faɗin wannan.

Daga nan wani mai kyan rubutu ya kwafe taswirar a babban kwali. Sai a ɗauko rajistar awo da ta rigakafi ta wata uku da suka wuce, a yi ɗigo a kan kowane wuri gwargwadon mutanen da suka zo daga can. Ba sai kun karanta sunan kowa ba, kuma bai kamata ku karanta ba, sirrin marar lafiya amana ce a hannun ma'aikaci. Ma'aikaciya ta riƙa faɗin unguwa kawai, ku kuna ɗigawa. In an gama, wuraren da suka zauna fari fat ba ɗigo, su ne aikinku.

Akwai kuma nisan da taswira ba ta nunawa. Almajiran makarantun allo suna kwana a tsakiyar gari, amma in zazzaɓi ya kama ɗaya babu uwar da za ta goya shi zuwa asibiti. Gurgu yana jin ƙarar janaretan asibiti daga ɗakinsa, amma matakala uku na bakin ƙofa sun hana shi shiga. Kurma tana zuwa ta koma ba wanda ya gane abin da ke damunta. Amarya 'yar shekara goma sha shida mai cikin fari tana jin kunyar surukarta ta san tana zuwa awo. Matar da mijinta ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal ba ta da wanda zai ba ta izinin fita. Ku buɗe wa waɗannan shafi na daban, kuma ku tabbata kowane rukuni yana da bakin da zai yi magana a madadinsa: alaramma, sarkin guragu, sarkin makafi, shugabar matan Islamiyya.

Mataki na uku: ku je ku tambaye su dalili

Zuwa da kai ya fi saƙo. Kada ku zauna a cikin gari ku yanke cewa jahilci ne ya hana su zuwa. Mata su je wurin mata, maza wurin maza, wanda ke jin Fulatanci ya je ruga. Tambaya ɗaya ta isa buɗe baki: "Inna, ranar ƙarshe da aka kai wani asibiti daga gidan nan, yaya aka yi?"

Za ku ji abin da ba ku zata ba. Wata za ta ce ta biya kuɗin babur sau biyu, duka biyun aka ce ta dawo wani mako domin yara ba su taru ba. Wata za ta ce an daka mata tsawa a gaban mutane don ta zo da tsumma maimakon sabon zane. Wani zai ce ya kai matarsa da dare ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Wani kuma zai ce ana zuwa har ƙofar gida da ɗigon shan-inna sau da yawa a shekara, amma in yaron ya kwanta da zazzaɓi ko farasitamol sai ya saya. Wannan ƙorafi na ƙarshe tsoho ne kuma yana da nauyi, kada ku share shi. Ku rubuta duk abin da aka faɗa yadda aka faɗe shi, ba tare da sunan mai faɗa ba.

Mataki na huɗu: ku bi ta ƙofar da ta dace kafin ku kira taro

A ƙasar Hausa ba a tara jama'a a bayan idon masu gari. Ku fara da dagaci ko hakimi, ku je da taswirar a hannu. Ba a buƙatar dogon jawabi: "Ranka ya daɗe, ga mazaɓarka a takarda. Waɗannan wuraren da ba ɗigo, talakawanka ne da asibiti bai taɓa gani ba. Mun zo neman albarkarka mu zaunar da masu ruwa da tsaki." Daga nan ku wuce wurin limamin Juma'a, da malaman ɓangarorin da ke garin ba tare da tsallake kowa ba, da fasto in akwai coci. Sannan shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma, wanda ya kamata a kai masa takarda a rubuce, domin ma'aikacin gwamnati ba ya motsi sai da izinin na sama da shi.

Wanda ke ganin wannan zagaye ɓata lokaci ne, ya tuna da shan-inna. A 2003 aka dakatar da rigakafinta a Kano saboda zargin da ya bazu a kan maganin, ba a ci gaba ba sai a 2004, kuma a tsakanin nan cutar ta yaɗu zuwa wasu ƙasashe. Abin da ya juya al'amarin shi ne shigowar sarakuna da malamai da dubban matan unguwa masu shiga gida-gida. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya matakin farko da goyon bayan Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar. An ga kamuwa ta ƙarshe da ƙwayar shan-inna ta daji a Borno a 2016, a watan Agusta na 2020 kuma aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ita.  A tsawon shekarun nan, masu kawo maganin ƙofar gida da masu cewa a karɓa sun ƙaru.

Ranar taro, ku lura da wurin zama da lokaci. In aka sa shi da hantsi ranar kasuwa, manoma da 'yan kasuwa ba za su zo ba. In aka haɗa mata da manyan gari a zaure ɗaya, matan za su yi shiru har a tashi. Mu dai abin da ya yi mana aiki shi ne mata su yi nasu zaman tukuna a makarantar Islamiyya, su zaɓi uku masu baki su kawo matsayarsu. Kuma a biya wa wakilan nesa kuɗin babur, in ba haka ba taron neman adalci zai zama na 'yan bakin titi kawai.

Mataki na biyar: ku ɗauki matsala ɗaya, ku raba ta gunduwa-gunduwa

Taron farko yakan cika da buƙatu: rijiya, gada, likita, motar asibiti. Duk gaskiya ne, amma wanda ya ɗauki duka ba zai kai ko ɗaya gida ba. Ku zaɓi abu ɗaya da za a ga sauyinsa cikin wata shida. Shawarata ita ce a fara da haihuwa, domin babu gidan da ba ta shafa ba, kuma kowane ɓangare yana da abin yi a cikinta.

Masana sun daɗe da gano cewa jinkiri uku ne ke kashe mace a wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Ku bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne a ɗora shi a wuyan wani.

Na farko aikin malamai ne da ungozomomi da mazaje. Liman ya yi huɗuba a kan izinin dindindin: miji ya faɗa a gaban mahaifiyarsa da maƙwabcinsa, tun ciki yana ƙarami, cewa duk lokacin da matsala ta taso a kai matarsa asibiti ko yana nan ko ba ya nan. Ma'aikaciyar asibiti ta koya wa ungozomomi da matan ƙungiya alamomin haɗari har su haddace: zubar jini, jijjiga, ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, kumburin fuska da hannuwa, zazzaɓi mai zafi, naƙudar da ta wuce awa goma sha biyu, fitowar hannu ko cibiya kafin kai, mabiyya da ta ƙi faɗowa. Kada a mayar da ungozoma abokiyar gaba. Ita ake fara kira da tsakar dare, kuma za a ci gaba da kiranta. A ba ta matsayin mai rakiya, a bar ta ta shiga ɗakin haihuwa tare da matar da ta kawo, a kuma yi mata ɗan alheri a kan kowace rakiya, tunda abincinta ne aka taɓa. A jihar Damagaram ta Nijar an gwada makarantar mazaje, inda magidanta masu mutunci ke zama da ma'aikatan asibiti suna tattauna lafiyar iyali sannan su kai maganar majalisu, kuma tsarin ya bazu zuwa wasu jihohin ƙasar. Ba ya buƙatar gini, majalisar bayan la'asar ta isa.

Na biyu aikin tasha ne. A jihohin Arewa da dama ƙungiyar direbobi ta NURTW ta yi tsarin ɗaukar mata masu naƙuda cikin gaggawa, Jigawa kuma tana da shirin Haihuwa Lafiya. Ku zauna da shugaban tasha ku nemi direbobi huɗu ko biyar da ke kwana a sassa daban-daban na mazaɓar. A rubuta lambobin wayarsu a bangon masallaci da bayan katin awon kowace mace. A yi yarjejeniya: kuɗin mai kawai za a biya, ba ciniki da dare. Ladan direba a tasha shi ne washegari a ba shi lodi ba tare da bin layi ba. Inda mota ba ta shiga, a shirya babur mai ƙafa uku, ko amalanke zuwa bakin titi, ko kwalekwale da damina, kuma a san tun yau wane ne mai shi.

Na uku aikin asibiti ne da ƙaramar hukuma, amma gari yana da hannu. Wace ce ke kwana a bakin aiki? Akwai fitila? Akwai maganin tsayar da jini da na jijjiga a kabad? In matsala ta fi ƙarfin asibitin mazaɓa, wace lamba za a kira a babban asibiti kafin mota ta tashi? Ƙungiyar matasa ta tara masu ba da jini, a gwada rukunin jinin kowa a rubuta a littafi, domin neman jini da ƙarfe biyun dare a garin da ba ka san kowa ba yana cin awannin da mace mai zubar jini ba ta da su.

A nan ina so in yi wa ma'aikata adalci. Sau da yawa muna zagin malamar asibiti don ba ta kwana, ba mu tambayi inda za ta kwana ba. Mace ɗaya, baƙuwa a gari, ɗaki ba ƙyaure mai kyau, ba ruwa, ba mai gadi. Mu sai da muka gyara ɗaki biyu a harabar asibiti da aikin gayya, 'yan sintiri suka ɗauki nauyin gadi, wani mai kura ya riƙa kawo jarka huɗu kullum, sannan kwaɗon dare ya bar ƙofar.

Duk abin da aka amince a rubuta shi a takarda ɗaya: aiki, sunan mai yi, ranar gamawa. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala, dagaci ya zama shaida.

Mataki na shida: ku kai aikin inda suke

Wuraren nan da suka zauna fari a taswira ba za su cika da huɗuba kaɗai ba. Dole asibiti ya riƙa fita. Ku zauna da inchaji da jami'in rigakafi ku sa rana tsayayya ga kowane wuri, misali Laraba ta farko a wata, kuma kada a saɓa ko sau ɗaya, domin in mata suka taru aka ƙi zuwa, wata mai zuwa ba za ku ga kowa ba.

Ga wani abu da ya kamata 'yan kwamiti su fahimta. Allurar BCG ta rigakafin tarin fuka da ta ƙyanda suna zuwa ne a kwalba mai ɗaukar yara da yawa, kuma in an haɗa su sai a zubar da ragowar bayan awa shida. Shi ya sa wasu ma'aikata ke jin nauyin buɗe kwalba saboda yaro ɗaya, su ce a dawo. Maganin wannan a hannun gari yake: mai shela ya zagaya da daddare, matan ƙungiya su tattaro yaran a rana ɗaya. Su kuma san jadawalin da kansu: ranar haihuwa, mako 6, mako 10, mako 14, wata 9, sai wata 15. Yaron da bai samu ta mako 6 ba shi ne wanda ake cewa bai taɓa karɓar komai ba, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan irin waɗannan yara a duniya. Annobar mashaƙo da ta tashi daga ƙarshen 2022, wadda ta fi tsanani a Kano, yawancin waɗanda ta kama ba su da cikakken rigakafi, alhali rigakafinta yana cikin allurar nan ta mako 6 da 10 da 14.

Kada a fita da allura kaɗai. A tafi da awon ciki, da gwajin zazzaɓin cizon sauro da maganinsa, da gishirin ORS da zinc na gudawa, da tef ɗin auna damtsen yara. Wannan tef kowace uwa za ta iya koyonsa cikin minti goma: ga yaro daga wata 6 zuwa shekara 5, in ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, a kai shi asibiti a ranar. In rawaya ne a ƙara kula da abincinsa a sake aunawa. Da damina kuma akwai maganin rigakafin zazzaɓi da ake raba wa yara daga wata 3 zuwa 59, wata-wata, na kwana uku. Mai rabawa yana ba da na ranar farko, na kwana biyun da suka rage a hannun uwa suke, kuma a nan ake yawan yin sakaci. Matan ƙungiya su raba gidaje a tsakaninsu su riƙa leƙawa.

Ga makiyaya, ardo ne zai faɗa muku lokacin da suke nan da lokacin da suke tashi, da sa'ar da mata suka dawo daga tallar nono. In za a iya haɗa fitar da ta malamin dabbobi, an fi samun jama'a. Ga makarantun allo, ranar Alhamis da ba karatu ta fi dacewa, a duba ƙazuwa da makero da tari. Duk wanda ya yi mako biyu yana tari a gwada shi, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Mataki na bakwai: kuɗi a fili

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon irin wannan haɗin kai a wajen kuɗi yake tsagewa. Kuɗi biyu ne, kada a gauraya su. Na gwamnati yana asusun asibiti: a liƙa a bango nawa ya shigo, ranar da ya shigo, da abin da aka saya. A liƙa jerin abin da yake kyauta da farashin abin da ba kyauta ba, da Hausa, da boko da ajami. Na gari kuma asusun gaggawa ne da ake tarawa kamar adashi, daga gidaje da 'yan kasuwa da abin da masu hali suka bayar bayan girbi. Mutum uku su riƙe shi, ɗaya mace, kuma a ajiye wani abu a hannu a kowane ƙauye mai nisa, tunda banki ba ya buɗewa da dare. A bayar rance ga mai iya biya, kyauta ga wanda ba shi da shi.

Wurin da aka fi zaluntar talaka shi ne rajistar inshorar marasa ƙarfi. Gurabe kaɗan ne, kuma in ba a sa ido ba sai su ƙare a gidajen masu faɗa a ji. Ku fitar da sharuɗɗa tun kafin fom ya zo: marayu, zawarawa masu yara, naƙasassu, tsofaffin da ba mai kula da su, 'yan gudun hijira. A ware wa kowane ƙauye kasonsa, a karanta sunayen a bainar jama'ar ƙauyen. Da yawansu ba su da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, don haka matasa masu waya su taimaka musu su yi tun da wuri. Na taɓa ganin jerin da aka kawo mana a shirye daga sama, rabinsa mutanen da ke da babur da shago. Mun mayar da shi cikin ladabi tare da namu jerin da sa hannun dagaci, aka yi ta kai-komo wata biyu kafin a karɓa.

Mataki na takwas: labari ya riƙa tafiya ta hanya biyu

Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka. Lambarsa ta kasance a wayar kowane mai unguwa, da wanzami, da mai kemis, da masu wankan gawa. A kira shi in an ga yaro ƙasa da shekara 15 da ƙafa ko hannu ya saki farat ɗaya, ko manya suna amai da gudawa kamar ruwan shinkafa, ko ƙyanda ta shiga unguwa, ko sanƙarau, ko mace-macen da ba a gane kansu ba. A Zamfara a 2010, gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara, kuma an daɗe ana binne su kafin labarin ya kai inda za a gano dalili. Shi ma jami'in wajibi ne ya dawo ya faɗi sakamakon abin da aka ɗiba don gwaji. In ana kai rahoto ba a jin komai, mutane za su daina kaiwa. Haka jita-jita: in wani saƙon murya ya fara yawo a WhatsApp a kan wata allura, a kawo shi zaman kwamiti a saurara tare, ma'aikaci ya amsa, liman ya isar.

Mataki na tara: zaman wata

Rana ɗaya a kowane wata, awa ɗaya da rabi, kuma a riƙa zagayawa da shi ƙauyukan nesa domin 'yan cikin gari su ɗanɗana hanyar. A shimfiɗa taswira, a sake yin ɗigo da alƙalami mai wani launi. Tambayoyin ba su da yawa: daga wuraren da ba ɗigo, mata nawa suka zo awo, yara nawa suka karɓi allurar farko, nawa suka dawo ta uku, sau nawa aka kira direba, nawa ya rage a asusu. A ɗauko takardar alkawari a bi ta layi-layi.

In an rasa mace a wajen haihuwa ko jariri, bayan an share makoki mutum biyu su je gidan, mace da namiji, su yi ta'aziyya, sannan su nemi izinin jin yadda abin ya faru daga farkon ciwo zuwa ƙarshe. A zaman kwamiti ba a kiran sunan mamaciya kuma ba a neman wanda za a ɗora wa laifi, in ba haka ba gobe kowa zai ɓoye. Ana neman inda aka tsaya ne: a gida, a hanya, ko a asibiti. Na farko da muka bi haka, mun gano an kira direba har sau biyar wayarsa a kashe, ba caji, kwana uku ba wuta. Kafin a tashi daga zaman aka cire kuɗi daga asusu aka saya wa kowane direba ƙaramar sola ta cajin waya, aka kuma ƙara lamba ta biyu, ta maƙwabcinsa, a bayan kowane katin awo.